Tayil Huɗun da Suka Rage a Bangon Valdemar

Shafi na 23

Na ga saƙonninku, har da na baiwar Allahn nan da ta ce in na ƙara kwana uku ban saki shafi ba za ta zo Gafanha ta farfasa mini tayil. Ki zo, akwai tsintsiya a bayan ƙofa.

Waɗanda suka shigo yau kuma, ku matso kusa. Ni ce Idalina, mai zanen tayil. Hukumar garinmu ta ba ni aikin bangon da za a kafa a ƙofar filin wasa don karrama ƙanin babana Valdemar, wanda nake kira Tio, wato baffa, mutumin da ya shekara goma sha bakwai yana hana masu tsaron gida sakat. Tayil ɗari uku da sittin ne. Na gama duka, saura huɗu. A kan huɗun nan wasiƙar da ta kira shi Lisbon yana ɗan shekara goma sha shida za ta zauna. Ni kuwa ba na zana abu da ka, sai na sa shi a gabana na gan shi da idona. Mako uku ina roƙonsa wasiƙar, mako uku yana mini hanya-hanya.

Ranar Alhamis ƙarfe huɗu na yamma za a sa tayil a tanderu, in ba haka ba bangon ba zai kai ranar bikin gari ba. To ranar Alhamis ɗin, wajen sha ɗaya na safe, sai ga shi ya turo ƙofa da sandarsa.

"Lina, akwai gahawa a wurin nan ko sai ƙura?"

"Akwai gahawa ga wanda ya zo da wasiƙa."

"To ba ni ƙurar."

Na zuba masa dai. Ya karɓa, ya mayar da ɗaya hannun baya, domin ya san dokata. Kafin wuta, zanen tayil hoda ce kawai mai launin toka, ɗan yatsa ya goga ta tafi. Bayan wuta ta zama shuɗi, kuma yadda ta fito haka jikokin jikokinka za su tarar da ita. Ya fara bin allon da na jera tayil ɗin a kai daga ƙarshe, yana jan gwiwar nan tasa da likitoci suka yanka sau uku.

"Wannan hancin na waye?"

"Naka ne."

"Ni da aka sa hotona a kwalin man gashi?"

"Gashin suka saya, Tio, ba hancin ba."

Ya yi dariya har gahawar ta kusa zuba. Ya wuce wurin da na zana shi yana ɗaga hannu ranar wasansa na bankwana, ya wuce shekarunsa biyu a Faransa, ya wuce kofunan nan uku da na jera a kan igiyar ruwa. Sai ya tsaya a gaban ƙwallon da kowane yaro a garin nan ya sani, wadda ya ci da ka saura minti biyu a tashi wasan ƙarshe.

"Kin san ban ga ƙwallon nan ba?"

"Kamar yaya?"

"Idona a rufe yake. Tsoron gwiwar hannun mai tsaron baya nake yi. Ita ta zo ta buge ni a goshi, na buɗe ido na ga mutane suna kuka."

"Kada ka faɗa wa Baba."

"Na faɗa masa ya fi sau goma. Cewa yake yi tsabar gwaninta ce."

Babana, Amílcar, shi ne yayansa, kuma duk ƙasar nan babu mai ƙaunar ƙafar Tio kamarsa. A rediyon jirgin kamun kifi ya ji ƙwallon nan, a tsakiyar tekun ƙanƙara, har yau in yana ba da labarin sai ya miƙe tsaye.

Tio ya nuna lambobin da na rubuta a ƙasa.

"Wasa sittin da huɗu da rigar ƙasa, daidai. Sarkin cin ƙwallo sau biyu, daidai. Ƙwallo ɗari biyu da goma sha biyu? Ai sha ɗaya ne."

"Baba ya ce sha biyu. Ya ce wadda alƙalin wasa ya kashe a arewa ta shiga."

"Ba ta shiga ba."

"Je ka gaya masa da kanka."

Ya riga ya iso farkon bangon. A nan na zana Kaka Deolinda, mahaifiyarsu, tsaye a ƙofar gida da baƙin mayafinta, ta miƙo hannu. Gabanta yaro ne mara takalmi. Can nesa bayanta ga jirgin da Baba yake ciki. Tsakanin hannunta da hannun yaron kuwa tayil huɗu ne farare fat.

Ya daɗe a tsaye. Na yi kamar ina wanke burushi.

"Kin samu idonta," in ji shi. "Haka take kallon mutum in ta san ya yi ƙarya."

Ya jawo kujera ya zauna. Ya sa hannu cikin aljihun rigarsa ya fito da wata tsohuwar safar wasa a naɗe. Ya warware ta a kan tebur a hankali. Ambulan ne a ciki, ya yi ja don tsufa.

"Duk filin da na taka, tana cikin jakata."

"Kuma ka ce mini ta ɓata!"

"Wanke hannunki tukuna."

Na wanke, na goge a jikin riga, ina murna kamar yarinya. Har na fara lissafin yadda zan kwaikwayi hatimin. Na zaro takardar. Da tafireta aka buga ta, harafi ɗaya yana ɗan tsalle sama da 'yan'uwansa. Na karanta layin farko.

Na sake karantawa.

"Tio, wannan ba sunanka ba ne."

"A'a."

"Sunan Baba ne."

"Eh."

"Kuskure suka yi?"

"Ba su yi kuskure ba, Lina. Zauna."

Ban zauna ba. Ya juya kofin gahawar a hannunsa, ya fara magana yana kallon ƙasa.

"Watan Maris mutumin da ke nemo wa ƙungiyar Lisbon 'yan wasa ya zo. Mun yi wasa da 'yan ƙetaren ruwa a filin yashi, ni da babanki duka muna ciki. Ni na ci ɗaya. Shi bai ci ko ɗaya ba, amma duk huɗun da aka ci daga ƙafarsa ta hagu suka fito. Mutumin ko kallona bai yi ba."

"Baba ya iya ƙwallo har haka?"

"Ya fi ni."

"Haba, Tio."

"Ba kusa ba ma. Ni gudu gare ni da naci. Shi kafin ƙwallo ta iso ya riga ya san inda za ta kwana."

Ni dai tun da na buɗe ido da ɗingishi na san babana. Ban taɓa ganin ya taɓa ƙwallo ba, ko ta gangaro gabansa a titi da hannu yake ɗauka ya miƙa wa yara.

"Watan Afrilu jirginsu ya tashi kamun kifin bakalyau," Tio ya ci gaba. "Kin san dokar lokacin. Saurayi ko dai ya yi shekara shida a jere a jiragen kifi, ko a sa masa kaki a tura shi yaƙi Angola ko Gini. Ɗan Dona Celeste maƙwabciyarmu a akwati aka dawo da shi. Mama da hannunta ta kai babanki ofishin jirgi. Wasiƙa ta zo watan Yuni. Mama ba ta iya karatu ba."

"Kai ka karanta mata."

"Ni nake karanta mata komai. Ta zaunar da ni a bakin murhu. Da ta ji suna son Amílcar ya je Lisbon da zarar jirgi ya dawo, sai ta ce ina! Ya bar jirgi, soja su ɗauke shi? Ta ce in je ni, in ce musu babban yana teku, ga ƙaramin. In sun ɗauka to, in sun ƙi in dawo. Ta sa na rantse ba zan gaya masa ba. Da ya dawo watan Oktoba ta ce masa wasiƙa ta zo wa Valdemar."

Sai a lokacin na zauna. Gaskiya sanyi na ji a raina. Na san Kaka, na san yadda take tsayuwa a bakin ruwa duk ranar da jirgi zai shigo. Uwa ce ta ji tsoro, shi ke nan.

"To ai Kaka ce," na ce. "Ransa ta ceta. Wannan ko Baba ya ji, zai yi fushi kwana biyu ya huce. Don wannan ka ba ni wahala mako uku?"

"Karanta ƙasa."

"Ina?"

"Layin ƙarshe, kafin sa hannu."

Na kai ɗan yatsa wurin. An rubuta cewa batun aikin soja kada ya dami iyali, ƙungiya za ta nema masa ya yi nasa a barikin Lisbon yana ci gaba da wasa, kamar yadda ta yi wa wasu 'yan wasanta.

"Wannan layin ban karanta mata ba," in ji Tio.

A waje wani babur ya wuce. Na ji ƙarar famfon da ban rufe da kyau ba yana ɗiga.

"Ka manta ne?"

"A'a."

"Ba ka gane shi ba?"

"Na gane shi sarai. Idona ya riga bakina isa wurin. Na gani, na tsallake, na karanta sunan mai sa hannu. Ban shirya ba, Lina, ban kwana da shi ba. Numfashi ɗaya ne."

"Me ya sa?"

"Saura shekara biyu ni ma a kai ni jirgi. Teku ce ta ci babanmu. Ko gada nake tsallakawa ba na kallon ƙasa. Na ga ƙofa ta buɗe, ba tawa ba ce, na shige."

Zan gaya muku gaskiya, a lokacin nan na tsani mutumin. Mutumin da ya saya mini akwatin fenti na farko, wanda ya ɗauke ni a wuya muka zaga fili mutum dubu sittin suna kiran sunansa. Na dube shi ban ga kowa ba sai tsoho mai babban hanci.

"Shekarar da ta biyo baya ce," na ce.

"Na sani."

"Bari in faɗa. Shekarar da ta biyo baya hazo ya raba kwalekwalen Baba da jirgi. Kwana biyu. Yatsu uku sanyi ya cinye masa. A ƙafar hagu, Tio."

"Na sani. A makon na fara buga wa manyan ƙungiyar."

"Kaka fa? Ta sani kafin ta rasu?"

"Ta tafi tana ganin ita ta cece shi daga yaƙi. Na bar ta a haka."

"Ka kyauta."

Bai kare kansa ba, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan. Da ya yi gardama da na samu inda zan kama.

"Yanzu me kake so in yi?"

"Kin ce ba kya zana abu da ka. Ga ta nan."

"Ka san wa zai yaye ƙyallen bangon nan ranar biki?"

"Babanki."

"Ya sayi sabuwar riga. Mako biyu yana haddace jawabi a gaban madubi, kaji ma sun iya shi. In na zana sunansa, a gaban duk gari zai gani. In na zana naka, na gasa ƙarya da hannuna, kuma tayil ba ya gogewa."

"Ki bar wurin fari."

"Kaka ta miƙa maka iska? Kowa zai tambaya, shi zai fara."

"To ban sani ba, Lina. Ni dai na gaji da ɗaukarta."

"Ka gaji! Shekara hamsin da biyu tana cikin safarka, yanzu ka sauke mini ita ka ba ni awa biyar. Ba ni za ka kawo wa ba. Gidansa yana nan bayan coci, ka san hanya."

"Na gwada."

"Yaushe?"

"Sau uku. Ranar da muka binne Mama, muna dawowa daga maƙabarta, na ce Yaya ina da magana. Ya ce shi ma, wai Mama ta taɓa ce masa ƙwallona ta biyu da Sifen ta fi ta farko kyau. Ranar bankwanata na ja shi ɗakin canza kaya, ya rungume ni yana kuka yana cewa na wanke wa gidanmu fuska. Na uku, bara, a asibiti. Duk sanda na buɗe baki sai ya fara ba ni labarin kaina."

Na so in yi dariya, na so in yi kuka, ban yi ko ɗaya ba. Haka babana yake. Gidan da Tio ya so saya masa a Aveiro ya ƙi, motar ma ya ƙi. Abin da ya karɓa kawai rigar wasan ƙarshen nan ce, tana cikin gilashi a falonsa kusa da hoton Kaka.

"Ba ya jin an cuce shi," na ce. "Ka gane? Abin da yake da shi ke nan. Yana kwana yana tashi da cewa Allah ya raba daidai, kai ƙafa, shi teku. In ka karɓe masa wannan, me za ka ba shi?"

"In kuma ya mutu bai san ya fi ni ba fa?"

Ina neman amsa na ji ƙararrawar keke a ƙofa, sau biyu, sannan sau ɗaya.

Na manta shaf da zancen abinci. Duk Alhamis Baba yake kawo mini abincin rana.

Na kai hannu zan ɗauke takardar, amma tsohuwar takarda ba a fizgarta, a ninkin take yagewa. Kafin in lallaɓa ta ya riga ya turo ƙofa da kafaɗa, kwando a hannu, yana ɗingishinsa.

"Miyar kabeji, burodin masara, da kifi gasasshe guda... A'a! Wa nake gani? Babban mutum a shagon talakawa!"

"Sannu, Yaya."

"Da na san kana nan da na ƙaro kifi. Kai da ci kamar ka dawo daga atisaye. Lina, ya ga hancinsa?"

"Ya gani, Baba."

"Ni na ce ta rage shi ma. Ka ga sha biyun? Kada ka sake ka ce mata ta gyara. Na ji a rediyo, ta shiga."

"Na bar ta, Yaya."

Ya ajiye kwandon a gefen tebur. Idonsa ya sauka a kan safar, sannan ambulan, sannan takardar da ke ƙarƙashin tafin hannuna. Murmushinsa ya tsaya, sannan ya ƙara faɗi.

"Kar dai ita ce?"

Na ƙara danne takardar da hannuna.

"Ita ce! Demar, ɗan banza, ashe tana wurinka! Mama ta ce mini ta ɓata tun kafin jirginmu ya dawo. Ko sau ɗaya ban taɓa sa ta a ido ba."

Ya goge hannuwansa biyu a wando, ya zare ta daga ƙarƙashin hannuna a hankali, ban iya hana shi ba. Ya kai ta kusa da fuska, ya nisanta ta, ya laluba aljihun gaba.

"Kash, na bar tabarau a kan talabijin. Hatimin kawai nake gani."

Ya jawo kujera ya zauna tsakaninmu, ya shafa gefen takardar da babban yatsa.

"Kin san ranar da mutumin ya zo ni ma na buga, Lina? Bayan wasa har ya tambaye ni sunana, ya rubuta a ɗan littafinsa. Wata shida ina teku ina cewa ko dai, ko dai. Ƙuruciya! Da na dawo aka ce Demar suka kira, na shiga bayan gida na yi ɗan kukana, ba wanda ya gani. Daga baya na ce mutumin nan ya san aikinsa. Dubi bangon nan. Ya zaɓi daidai ko bai zaɓa ba?"

Tio ya miƙa hannu.

"Yaya, ba ni in karanta maka."

"Kai? Kai ka sha karatunta. Kuma sauri gare ka, ba a jin rabin abin da kake faɗa. Lina ta fi ka murya."

Ya ɗora mini takardar a hannu.

"Daga sama har ƙasa, 'yata. Kada ki bar ko ɗigo, na daɗe ina jira."

Na dubi Tio. Bai girgiza kai ba, bai gyaɗa ba. Ya dai ajiye sandarsa a ƙasa, ya haɗa hannuwansa a kan gwiwa.

Na gyara murya.

"Lisbon, goma sha huɗu ga watan Yuni, dubu ɗaya da ɗari tara da saba'in da biyu."

"Yauwa," in ji Baba. "A ranar muna gaɓar Kanada. Ci gaba."

"Zuwa ga..."

Na tsaya, idona a kan sunan Baba.

Baba ya matso da kujerarsa, ya kara hannu a bayan kunne, yana murmushi.

"Ina jin ki. Zuwa ga wa?"